Yadda ake shan tiramadol da danginsa bayan aikin gwiwa ba tare da an sha wuya ko an kamu ba

Ranar da aka sallamo Ummata daga asibiti bayan an canza mata gwiwar dama, leda guda ta magani aka haɗo mu da ita, muna isa gida na juye a kan tabarma ina warewa ina karanta takardar likita, sai ta hango wani kati na kafso ta ce "ke, wannan kuma na mene ne?" Na ce Umma tiramadol ne, na ciwo ne. Wallahi take fuskarta ta canza, ta ce "ƙwayar 'yan shaye-shayen? Da girmana da jikokina? Ɗauke min shi daga nan." Na yi lallashi na yi magiya ta ce parasitamol ya ishe ta. Haka muka kwana tana nishi tana salati, in ta ɗan motsa ƙafar sai na ji ta damƙi gefen katifa, ni kuma ina zaune a ƙasa ban runtsa ba har aka kira assalatu.

Da hantsi mai gashin ƙashi ya zo, wato fisiyo, ya ce ta ɗan jawo diddigen baya ta lanƙwasa gwiwar, ko motsi ta kasa, hawaye kawai. Sai ya jawo kujera ya zauna ya ce "Mama, gwiwar nan makonnin farko ne take karɓar lanƙwasa, in kika bari ta sandare to wani lokacin sai an mayar da ke ɗakin tiyata an sa ki barci an lanƙwasa ta da ƙarfi, kuma ba za ki iya motsa ta ba in ciwo ya hana ki." Wannan maganar ce ta sa ta karɓa, kuma ita ce nake so duk mai jinyar wanda aka yi wa aikin gwiwa ya riƙe. Maganin nan tsani ne, ana takawa ne dan a samu gwiwa ta motsu a samu barci, kuma tun ranar da aka fara hawa ya kamata a san ranar sauka. Na ga wanda tsoro ya hana shi sha ya ƙare da ƙafa a sandare, na kuma ga wanda ya ji daɗinsa wata shida bayan aiki yana bin kemis kemis.

Su waɗannan magunguna dangi ɗaya ne, likitoci na ce musu opiyod. Akwai mofin wanda galibi a asibiti ake ba da shi, akwai kodin, akwai tiramadol, akwai DF118, akwai allurar fentazosin da kowa ya sani da penta, waɗanda aka yi wa aiki a waje kuma wani lokaci oksikodon ake haɗo su da shi. Aikinsu a ƙwaƙwalwa ne da laka, suna dusashe saƙon ciwon ne kafin mutum ya ji shi sosai, amma ba sa sace kumburi, ba sa warkar da ɗinki. Kuma hanyar da suke bi su kashe zafin ita ce dai hanyar da suke bi su rage numfashi su kwantar da hanji su kawo gyangyaɗi, shi ya sa ake kaffa-kaffa da su. Tsoron Umma ma ba a banza yake ba, duk mun ga abin da ya faru a unguwanninmu, a 2018 sai da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, kuma binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a waccan shekarar ta 2018 ya nuna a lokacin kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Amma ku lura, tiramadol ɗin da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, shi kuwa mai 225 ɗin da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ke ta kamawa a tashoshin ruwa ba na mara lafiya ba ne sam, in wani ya kawo muku shi wai "wannan ya fi ƙarfi, ɗaya ya isa" kar ku bari ya shiga gidanku.

Abu na farko tun kafin a sallame ku ake yin sa. Dan Allah kar a ji kunyar likita, a tsayar da shi ko nas ko mai ba da magani a tambaya ɗaya bayan ɗaya, wanne ne na ciwo mai ƙarfi, miligiram nawa ne, bayan awa nawa ake sha, iyakarsa nawa ne a yini, kwana nawa za a yi ana sha, yaya za a rage, wace lamba za a kira in abu ya rikice da dare. A rubuta a takarda, dan a ranar sallama kai ya ɗau zafi ga lissafin kuɗi ga neman mota, rabin abin da aka faɗa mantawa ake yi. Sannan ku ma ku faɗa musu naku, in mara lafiyar yana da farfaɗiya ko ya taɓa yin jijjiga lallai a faɗa saboda tiramadol na iya tayar da ita, in yana shan maganin damuwa ko irin su amitiriptilin da ake ba tsofaffi na ciwon jijiya a faɗa dan haɗuwarsu da tiramadol na iya kawo rawar jiki da zazzaɓi da ruɗewa, haka ciwon ƙoda, ciwon hanta, asma, munshari mai ɗauke numfashi cikin barci, maganin barci, da jiƙe-jiƙen gargajiya da ake sha a ɓoye. Mace mai shayarwa ba a son ta sha kodin ko tiramadol dan yana bi ta nono ya sa jariri barci mai nauyi. In kuma mutum ya taɓa yin shaye-shaye a baya ko da ya daina shekara goma, ya faɗa wa likita a asirce, ba hana shi magani za a yi ba, tsari ne za a canza masa.

To yanzu tsarin shan. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne raina parasitamol, ana ganin ai wannan na ciwon kai ne me zai yi wa ƙashin da aka yanka. Alhali shi ne tushe, in ana shan sa a kan agogo yana rage yawan mai ƙarfin da za a buƙata ƙwarai. Babba mai cikakken jiki yakan sha biyu masu 500 duk bayan awa shida, kada ya wuce guda takwas a awa 24, wato giram 4, in tsoho ne ramamme ko mai matsalar hanta likita zai rage masa. Wurin da ake faɗawa rami shi ne parasitamol na ɓuya a cikin wasu magungunan, maganin mura da yawa akwai shi a ciki, akwai kuma ƙwayoyin da aka haɗa shi da kodin ko da tiramadol a ƙwaya ɗaya, sai mutum ya sha wannan ya sha wancan ya ninka bai sani ba, hanta ce kuma ke biya. Ku dinga juya kwalin kuna duba abin da ke ciki, in ba ku gane ba ku nuna wa mai ba da magani na asibiti.

Su kuma irin diklofenak da ibufurofen suna taimakawa sosai wajen kumburi, amma fa sai in likitan da ya yi aikin ne ya rubuta. Dalili, bayan aikin canza gwiwa kusan kowa ana ɗora shi a kan maganin hana jini daskarewa, ko allurar da ake yi a fatar ciki ko ƙwaya, in ka ƙara diklofenak a kai da ka to kana iya jawo zubar jini a ciki, balle mai olsa ko mai ƙoda ko mai hawan jini. Umma ba a ba ta ba saboda olsarta. Kuma a nan nake roƙon 'yan dubiya, wannan haɗin na kemis da ake ƙullowa a leda a ce maganin gajiya ko maganin ciwon jiki, kala biyar kala shida babu suna babu kwali, kar a kawo wa wanda aka yi wa aiki, ba ka san me ke ciki ba, sau da yawa irin waɗannan ne a ciki har biyu a haɗe.

Shi mai ƙarfin, a kwanakin farko bayan dawowa gida kar a jira sai ciwo ya kai mutum bango kafin a ba shi, in ya riga ya turnuƙe kafso ɗaya ba ya iya kwantar da shi da wuri, sai a ga kamar bai yi aiki ba a so ƙarawa. A bi lokacin da aka rubuta. Tiramadol na yau da kullum yakan fara aiki ne cikin kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, shi ya sa muke daidaita shi da zuwan mai gashin ƙashi, in ya ce ƙarfe goma zai zo to tara da kwata Umma ta sha, kafin ya iso ya fara ratsa ta, a haka ne ta fara jawo diddigen har tana ƙirgawa da bakinta. Na dare kuma mu ba ta bayan isha'i dan ta samu barci. Iyakar da babba ba ya wucewa miligiram 400 ne a yini, wanda ya haura shekara 75 kuma 300, amma wannan bango ne na ƙarshe, yawancin mutane ƙasa da haka sosai likita ke rubuta musu kuma abin da ya rubuta shi ne naku. In an manta lokaci ya wuce ba a haɗa biyu a rama. In kuma irin wanda ke narkewa a hankali ne ana shan sa sau ɗaya ko biyu a rana, ba a tauna shi ba a daka shi ba a fasa shi a zuba a kunu, dan abin da aka tsara ya shiga jiki cikin awa goma sha biyu sai ya shiga lokaci guda.

Ku sayi ɗan littafi na 'yan makaranta ku ajiye kusa da gado da biro. Wannan shawarar da tsada na same ta. A kwana na huɗu na ba Umma maganinta da azahar na fita kai yara islamiyya, Yaya ta shigo ta tarar tana cije baki, ta tambaye ta ko ta sha magani, ita kuma cikin magagi ta ce ba ta tuna ba, sai Yaya ta ɓallo wani ta ba ta. Na dawo na tarar da ita tana barci baki buɗe, in na kira ta sai ta buɗe ido ta ce "na'am" ta koma. Na kira nas ɗin da ta ba mu lambarta jikina na rawa, ta ce in ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur ina kallon ƙirjinta, na ƙirga sha huɗu, ta ce to da sauƙi, in zauna kusa da ita in dinga tashinta ina sake ƙirgawa, kar a ba ta na yamma, in ya fara raguwa ko ta ƙi farkawa mu taho nan take. Allah ya taƙaita. Daga ranar mutum ɗaya ne ke riƙe magani, kuma duk ƙwayar da ta shiga bakinta sai an rubuta lokaci da suna da wanda ya bayar, a gefe kuma mu rubuta yadda ciwon yake daga sifili zuwa goma, ita ba ta son lissafin lamba sai ta ce "yau da dama-dama" ko "yau kam yana sara", ni kuma in mayar da shi lamba. Ranar komawa asibiti littafin nan likita ya karɓa ya duba, da shi ya tsara mana yadda za a rage.

Ƙanƙara kuwa wallahi rabin magani ce. A naɗe ta a tawul, kar a ɗora ta tsirara a fata, minti 15 zuwa 20 a ɗauke, sau da yawa a yini musamman bayan motsa ƙafa, a kula kar ruwa ya jiƙa bandeji. Mu da wutar NEPA ba ta da tabbas, fiyawata muke saya daskararre wajen masu ƙanƙara mu zuba a kula, in ya ɗan fara narkewa ma ya fi kwanciya a kan gwiwa. A ɗaga ƙafar ta ɗara ƙirji tsawo in ana kwance, amma filon a ƙarƙashin sha-raɓa da diddige ake sa shi, kar a cusa shi a ƙarƙashin gwiwar kanta, na san ya fi daɗi a haka amma gwiwa sabawa take yi da lanƙwasa daga baya ta ƙi miƙewa. Sai abin da jininmu ya saba da shi, ruwan zafi da tawul a gasa, man zafi a mulke, ko a ce a kira maɗori ya duba. A makonnin farko zafi ƙara kumburi yake yi, man zafi ba ya zuwa kusa da ɗinki, shi kuwa maɗori da girmansa da iyawarsa wannan ba fagensa ba ne, ƙarfe da roba ne a cikin ƙafar nan.

Yanzu maganar da ba a so a yi a gaban surukai amma dole a yi ta, bayan gida. Da yawa daga masu shan waɗannan magunguna cikinsu ɗaurewa yake yi, kuma shi wannan jiki ba ya sabawa da shi kamar yadda yake sabawa da jiri ko tashin zuciya, muddin ana sha yana nan. Ga rashin motsi, ga tsoho na ƙin shan ruwa dan kar ya dami mutane da kai shi fitsari. Umma sai da ta kwana biyar ba ta zaga ba ba ta faɗa wa kowa ba, sai da na ga ta ƙi abinci tana dafe ciki. Kar ku jira haka, tun ranar farko a nemi likita ya haɗa da mai laushin ciki irin laktulos ko sena, a yawaita ruwa, gwanda, kankana, lemo, miyar kuɓewa da ta kuka da zogale da alayyahu, a ɗan sassauta farar shinkafa da burodi. In an kwana uku shiru a kira asibiti, in kuma ciki ya kumbura ga amai ga ko iska ba ta fita to wannan na tafiya ne ba na waya ba. Kuma tun kafin a dawo gida a tanadi kujerar bayan gida mai tsayi, dan masai na tsuguno ba zai yiwu ba.

Tashin zuciya yakan zo a kwanakin farko, shan maganin bayan an ɗan sa wani abu a ciki na taimakawa, in ya yi yawa akwai abin da likita zai bayar. Jiri ne ya fi ba ni tsoro saboda faɗuwa, mutum da sabuwar gwiwa in ya faɗi an koma baya. In zai tashi ya fara zama a bakin gado ya sauke ƙafafu ya ɗan jima kafin ya miƙe ya kama ƙarfen dogarawarsa, a naɗe tabarmi da dardumar da ke kan hanya, a bar fitila a kunne da dare, a goge ruwan alwala daga ƙasa ko a kawo masa buta da roba inda yake. Tsofaffi kuma wani lokaci maganin na ruɗa su, ka ji suna kiran wanda ya rasu ko suna cewa a mayar da su gida alhali suna gida, kafin a ce iska ce ko tsufa a fara duba littafin magani a kira likita.

Abin da ke kashe mutane shi ne haɗi. Ba a haɗa waɗannan da maganin barci irin daizafam ko Lexotan, ba a haɗa su da giya, ba a haɗa su da maganin tari ko na mura mai sa barci, ba a shan kala biyu na danginsu tare sai in likita ne ya tsara da saninsa. Duk wanda ke kwana da mara lafiya ya san alamun nan, barcin da ake girgiza mutum ba ya tashi, numfashi a hankali ƙasa da goma a minti ko yana yi yana tsayawa, wani irin munshari mai kama da shaƙewa, leɓe ko farce ya yi duhu, baƙin ido ya tsuke ya zama kamar kan allura. In kun ga haka ba a jiran gari ya waye, a kwantar da shi a gefensa, a nemi mota a tafi asibiti mafi kusa da kwalin maganin a hannu, a ce musu ga abin da ya sha ga lokacin. Akwai allurar da ke karya shi, nalokson sunanta. Kar a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin zai tafi. In jijjiga ce ta kama shi a kawar da abin da zai buge shi, kar a tura cokali a baki, a tafi asibiti, kuma kar a sake ba shi tiramadol sai likita ya gan shi.

Allurar penta ina so in ware ta daban. A asibiti ana yin ta a kwanakin farko kuma tana aiki, amma da zarar an dawo gida sai ka ji wani ya ce akwai wani yaro a kemis ɗin bakin layi yana zuwa ya yi ta har gida. Kar ku fara. Tana da saurin kama mutum, yawan yin ta a wuri ɗaya na sa tsoka ta ƙandare ta zama kamar itace, ga gyambon da ba ya warkewa, na ga wata baiwar Allah da cinyoyinta duk suka lalace a haka. Kuma in mutum na kan mofin ko wani ɗan'uwansa penta na iya ture aikinsa ta hargitsa jiki. In ƙwayoyin da aka bayar ba sa riƙe ciwon, komawa wajen likitan da ya yi aikin ake yi.

Dan ba kowane ciwo ne na ƙara magani ba. Ciwon aiki kullum ɗan raguwa yake yi ko da da hawa da sauka, ranar da aka motsa sosai dare ya yi zafi, wannan ba komai. Amma in sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri ta yi zafi tana ciwo in an taɓa, ana tsoron jini ne ya daskare a jijiya. In numfashi ya yi wuya farat ɗaya ko ƙirji ya soke, wannan gudan jinin ne mai yiwuwa ya tafi huhu, gaggawa ce ta nan take. In ga zazzaɓi, ɗinkin na fitar da ruwa ko mugunya ko wari, wurin ya yi jawur yana faɗaɗa, ko ciwon da ya fara sauƙi ya dawo sabo yana ƙaruwa kullum, to ƙwayar cuta ake zargi, kuma kar a ce ai maleriya ce a sayi magani a zauna, ciwo a gwiwar ƙarfe ba ya son jinkiri. Haka in tafin ƙafar ya yi sanyi ko ya mutu ba a jin sa. Rufe irin waɗannan da ƙarin kafso ɓata lokaci ne mai tsada.

Saukowa daga tsanin kuma a hankali ake yi. Yawanci kwanakin farko zuwa mako biyu ne ake buƙatar mai ƙarfin sosai, wasu su ɗan zarce saboda motsa ƙafa, ya danganta da irin aikin, wanda aka leƙa masa da kyamara aka gyara guringuntsi ba ɗaya yake da wanda aka canza wa gwiwa gaba ɗaya ba. Yadda aka tsara wa Umma, na tsakar rana aka fara cirewa aka bar parasitamol a wurin, bayan kwana biyu zuwa uku aka cire na safe sai ranar da fisiyo zai zo, na dare shi ne ƙarshen tafiya dan dare ne ciwon gwiwa ya fi damun mutum, kuma wannan tsamin na dare yana iya ɗaukar makonni har watanni ko bayan an daina, ƙanƙara da miƙa ƙafa da parasitamol ne abokansa. In mutum ya yi mako biyu ko fiye yana sha kullum sai ya yanke lokaci guda, zai iya ganin hamma ba ƙaƙƙautawa, yoyon hanci, zufa, gudawa, tsamin jiki, rashin barci da baƙin rai haka kawai. Wannan jiki ne ya saba, yana faruwa ga kowa har malamin unguwa, ba shi ne ya zama ɗan ƙwaya ba, maganinsa a rage sannu-sannu da shawarar likita. Abin da ya kamata ya tayar da hankali daban ne, mutum ya fara duba agogo yana ƙosawa lokaci ya yi alhali ƙafar ba ta ciwo, yana sha dan ransa ya yi sanyi ko dan ya manta damuwa, kati na ƙarewa kafin ranarsa, yana aiken yaro kemis a ɓoye. In kun ga haka, ko kai da kanka ka ji haka a jikinka, a faɗa wa likita da wuri ba tare da gori ko tonon silili ba, a farkon nan sauƙin juyowa gare shi.

Salla a kan kujera Umma ta yi ta yi, da farko abin na damunta har sai da limamin unguwarmu ya aiko mata da cewa ta kwantar da hankalinta addini ya ba ta wannan sauƙin. Haka in azumi ya riski mutum yana tsakiyar wannan, mara lafiya an yi masa rangwame ya rama daga baya, kar a tattara maganin yini guda a shanye da sahur wai dan ya kai har magariba, haɗari ne babba. Tuƙi kuma babu shi, mota ko babur, muddin ana shan mai sa gyangyaɗi, kuma ko an daina sai likita ya ce ƙafar za ta iya taka burki da sauri.

Masu zuwa Indiya ko Masar a yi musu, da ma waɗanda ke tasowa daga garuruwa masu nisa zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, ku nemi takardar likita mai ɗauke da sunan maganin da adadinsa ku riƙe ta tare da shi a kwalinsa na asali, dan magani ne da hukuma ke sa wa ido a filin jirgi da kan hanya. Ku tambaya tun a can, in wannan ya ƙare ko ba a samun irinsa a garinmu me zai maye gurbinsa, kuma wane likita ne zai ci gaba da duba ni a gida. A doguwar tafiya a dinga motsa idon sawu ana tsayawa ana ɗan takawa saboda daskarewar jini.

Ajiya kuma, gidanmu gidan yawa ne, 'yan dubiya na shiga na fita, ga jikoki masu rarrafe ga samari. Ƙwaya ɗaya ta babba na iya halaka ƙaramin yaro, kuma ba zargin kowa nake yi ba amma kati a kan durowa jarrabawa ce ga wani yaron da ba ka san halin da yake ciki ba. A cikin akwatin Umma mai kwaɗo nake kulle shi makullin na ɗaure a bakin zanina, kuma duk dare ina ƙirga abin da ya rage in gwada da littafi. Da ta daina sha saura kafso bakwai, sai ga maƙwabciyarmu ta shigo dubiya tana ta yaba yadda Umma ke takawa har bakin ƙofa, ta ce "Hajiya ko akwai ragowar maganin nan ki sam min, bayan nan nawa ya hana ni barci." Kafin in buɗe baki Umma ta ce "a'a Maman yara, wannan da sunana aka rubuta shi, kin san kina shan na hawan jini da na barci, bari yarinyar nan ta raka ki asibiti ranar Litinin a duba bayan." Ranar Litinin ɗin na raka ta, na tafi da ragowar bakwai ɗin a jakata na miƙa wa mai ba da magani na asibitin, ya ƙirga a gabana ya karɓa.